Ku Bar Wa Bakin Kogi Bagaruwarsa

Jama'a masu sauraro, duk wanda ya bi gaɓar kogin Shuɗin Nilu a nan Sudan daga Sinnar zuwa Maiwurno har Sinja a 'yan shekarun nan ya ga abin da nake nufi, kututture ne ko'ina, buhunan gawayi a jere bakin hanya, ga hayaƙin masu gasa jan bulo na tashi ba dare ba rana. Wallahi abin ya isa haka.

Bagaruwar nan da Larabawa ke ce wa sunut, ita ce ke riƙe da gaɓa. Lokacin da kogi ya cika a Agusta da Satumba ya malala cikin fadamu, ita ce itacen da zai yi watanni ƙafarsa cikin ruwa bai mutu ba, saiwarta ta kama ƙasa, rassanta su rage wa ruwa gudu, laka ta kwanta, kifi ya shigo ya yi ƙwai a nan. Ka ɗan hau tudu kaɗan sai ka tarar da gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya fitar da sabo da rani daidai lokacin da akuya ke neman abin ci, sai kurna, goruba, tsamiya, aduwa, kowanne da iya ruwan da yake ɗauka da inda ya tsaya. Ka sare bagaruwar da ke gaba, na bayan ma sun shiga uku, tunda gaɓar ce za ta fara zaftarewa ta tafi da gonar albasarka.

Kuma fa kogin ba kamar da yake ba. Dam ɗin Sinnar tun 1925, na Rusairis 1966, aka ƙara masa tsawo a 2013, ga na Habasha da aka fara cikawa a 2020. Laka na maƙalewa a bayansu, ruwan da ke sauko mana ya fi cin gaɓa. A irin wannan lokaci ne muka ga ya dace mu dinga kai wa bagaruwa gatari?

Na san amsar, wai tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 gas ya yi wuya, mata da me za su dafa. Gaskiya ne, amma mai cika lori da gawayi ba tuwon gidansa zai dafa ba, kasuwa zai kai. In itace ake so ga miskit can, baƙon ƙayar da ya cinye gonaki da magudanan ruwa, wa ya hana a far masa? In ma bagaruwar ce dole, a rage reshe mana, a bar uwar.

'Ya'yanta kaɗai sun ishe ta daraja, majema da su suke jima, tsofaffinmu da su suke turara mai tari. Masu unguwanni da limamanmu na Juma'a, ku yi magana, ku hana sara daga gindi a bakin kogi, wanda aka kama kuma a sa shi ya dasa wata kafin ruwa ya sake cika.