Jaridar Cikin Akwati: Ma'aikatan Jiragen Ruwa, 'Yan Kwaminis da 'Yan Leƙen Asirin Turawa

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, 'yan uwa ɗalibai, na gode da wannan dama.

Za mu fara ne daga Hambug, babbar tashar jiragen ruwa ta Jamus, a watan Yulin 1930. A nan aka yi taron farko na baƙaƙen ma'aikata na duniya, ƙarƙashin inuwar ƙungiyar ƙwadago ta 'yan kwaminis mai hedkwata a Masko. Da farko a Landan aka so a yi shi, gwamnatin Ramsay MacDonald ta ce ba ta san zancen ba. Kuma fa gwamnatin jam'iyyar Leba ce, wadda ke cewa ita ta ma'aikata ce! Daga Najeriya Frank Macaulay ya halarta, daga Gambiya E. F. Small, sannan akwai wakilai daga Saliyo da Gwalkwas, wato Gana ta yau.

Me ya sa Hambug? Saboda jirage. Kamfanoni irin su Woermann na Jamus da Elder Dempster na Ingila su ne ke jigilar gyaɗa da koko da manja daga gaɓar tekunmu, kuma masu zuba kwal a injin da masu wanke-wanke da yi wa fasinja hidima da yawansu 'yan Afirka ne, musamman Kuru na Laberiya da mutanen Saliyo. Wasiƙar da aka saka a gidan waya, Bature na iya buɗe ta ya karanta. Amma mutumin da yau yana Hambug, bayan 'yan makonni yana Firitawun ta Saliyo, daga nan sai Ikko, da akwatinsa a ƙarƙashin gado, wa zai iya da shi? 'Yan kwaminis sun gane haka, suka buɗe kulob na ma'aikatan jirage kusa da tasha: ka sauka ka huta, ka ji lacca, in za ka koma a ba ka ƙunshin jarida. Jaridar ita ce Negro Worker, wadda George Padmore, mutumin Tirinidad, ya karɓi ragamarta a 1931. Da aka haramta ta a ƙasashen mulkin mallaka, har bangon littattafan 'yan mishan aka riƙa lulluɓa mata don ta wuce kwastan.

To, su ma gwamnatoci ba barci suke ba. Tun 1925 Ingila ta yi doka cewa duk baƙin fata ma'aikacin jirgi da bai iya nuna shaidar cewa shi talakan Sarkin Ingila ne ba, sai ya yi rajista wurin 'yan sanda. Ku lura, wannan kafin taron Hambug ne da shekara biyar. Ido yana kansu tun kafin a ce musu kwaminis. Faransa kuwa ta fi kowa ƙwarewa. A 1923 ma'aikatar mulkin mallakarta ta kafa wani ofishi da sunan kula da 'yan ƙasashen da take mulka da taimaka musu. Taimakon da aka yi musu shi ne a sayi wasu daga cikinsu, a ba su sunayen ɓoye, su zauna a taro su rubuta wa ya zo, wa ya ce me, wa ya ba da kuɗi. Tiemoko Garan Kouyaté, malamin makaranta ɗan Segu ta Mali, wanda ya sha wahalar haɗa kan baƙaƙen ma'aikatan jirage a Marsel, tashar jiragen ruwa ta Faransa, duk inda ya sa ƙafa rahoto na biye da shi. Takardun suna nan a ajiye a kudancin Faransa, masana na karanta su har yau.

Ga ra'ayina, kuma wani na iya saɓa mini: tsoron ya fi ƙungiyar girma. Ofishin Padmore ɗan ƙarami ne, kuɗi ba su isa ba, kuma ma'aikacin jirgi abin da ya dame shi shi ne albashinsa bai kai na Bature ba alhali aiki ɗaya suke yi. Da yawa sun ɗauki jaridar ne don ta faɗi abin da ke cikinsu, ba don sun karanta littattafan Karl Marx, uban aƙidar kwaminisanci, ba. Amma wanda aka kama da ita, hanyar abincinsa ce ke cikin haɗari, don ba kamfanin da zai so ya sake ɗaukarsa. A Fabrairun 1933, makonni kaɗan da hawan Hitila, 'yan sanda suka kama Padmore suka tasa ƙeyarsa zuwa Ingila. Ba da jimawa ba ya raba gari da Masko, shi da Kouyaté duka.

An rufe ofis a Hambug, amma 'yan sandan ciki ba su rufe fayil ba. Ku dubi I. T. A. Wallace-Johnson, ɗan Saliyo, wanda shi ma ya yi aikin jirgin ruwa. A 1931 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ma'aikata a Ikko, ya je Masko ya yi karatu, ya dawo. A 1933 'yan sanda suka binciki masaukinsa, zaman Najeriya ya gagare shi, ya koma Akra. A 1934 gwamna Shenton Thomas ya tsaurara dokar tunzura jama'a a Gwalkwas, hujjarsa ita ce irin waɗannan takardu da ke shigowa ta teku. Wa dokar ta kama? A 1936 ta kama Wallace-Johnson kan wata maƙala da ya rubuta, aka ci shi tarar fam 50. Ta kuma kama editan jaridar da ta buga maƙalar, wani saurayi da ba shi da alaƙa da kwaminisanci, sunansa Nnamdi Azikiwe. Shi ya ɗaukaka ƙara ya yi nasara, ya dawo gida ya kafa tasa jaridar a 1937.

Wallace-Johnson bai samu wannan sa'a ba. Da ya sauka Firitawun a 1938, kwastan suka ƙwace jaridu 2,000 da ya zo da su. Ranar 1 ga Satumba 1939, ranar da Jamus ta faɗa wa Poland, aka kama shi ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, daga baya aka kai shi tsibirin Sharbro. Bai samu kansa ba sai 1944.

Shugaba, na ga kana nuna mini agogo. A kawo tambayoyi.