Tsakanin Ɗakin Uwa da Asibiti: Lacca kan Lafiyar Ƙananan Yara

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe hakimi, iyayenmu malamai, masu unguwanni, da iyaye mata da ke can baya, ina fata kuna ji na.

Bari mu fara da lissafi, ko da yake ba shi da daɗin ji. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa da rai a Najeriya, 132 ba sa kai shekara biyar. A Arewa maso Yamma 187 ne. A Kebbi 252, a Ogun 30. Ƙasa ɗaya fa. Kuma in ka cire jariran da ke rasuwa a watan haihuwa, abin da ke kwashe sauran duk mun san shi: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ciwon huhu, ga tamowa tana share musu hanya. Kowanne yana da magani, mai arha ma.

To me ya sa ake rasa su? Ku da kanku kun san yadda abin yake tafiya. Yaro ya kwana da zazzaɓi. Maigida yana gona, ko ya tafi ci-rani Legas, uwa kuma ba ta fita sai da izini. Kaka ta duba ta ce haƙori ne, zai wuce. Washegari a aiki yaro kemis, a sayo maganin da kuɗi suka kai, ba wanda ciwon ke buƙata ba. Sai ranar da ya fara jijjiga, idonsa ya yi fari fat, sannan a nemi mai mashin. A isa babban asibiti a ce sai an ƙara jini. A waɗannan kwanaki biyu zuwa uku ake rasa yaran, tun kafin likita ya sa su a ido. Shi ya sa nake cewa gina katafaren asibiti a birni, da kyau, amma ba shi zai taɓa wannan lissafi ba.

Mu leƙa maƙwabta. Nijar ta fi mu talauci, ba gardama. Amma a 1998 yara 226 cikin 1,000 suke rasuwa kafin shekara biyar, zuwa 2009 suka koma 128. Me suka yi? Zamanin Shugaba Tandja an gina ƙananan ɗakunan shan magani kusan 2,000 a karkara, aka sa ma'aikata a ciki, ana biyan su, aka koya musu gane zazzaɓi da gudawa da ciwon huhu su ba da magani nan take. A 2006 aka ce jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ce. Aka haɗa da rabon gidan sauro da bitamin A. Ba na ce komai ya tafi sumul ba, domin gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci kuɗin jinyar kyautar, har magani ya riƙa yankewa. Amma yaran da suka rayu sun rayu.

Mu ma muna da shaida a gida. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara da damina, wata-wata, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012. Daga ɗan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar ake ba. Ma'aikaciya ta ba da na ranar farko a gabanta, uwa ta ba da na rana ta biyu da ta uku. Iyaye mata, nan ne fa ake samun gyara: kada ku ajiye ragowar wai sai yaro ya kwanta. In bai cika kwana ukun ba, kariyar ba ta cika ba.

Abin da ya sa tsarin ya karɓu shi ne mace ce ke shiga, 'yar unguwa, wadda aka san gidansu. Namiji iyakarsa zaure. Irin wannan mata, in an horar da ita, za ta ƙirga numfashin yaro mai tari: ɗan shekara ɗaya zuwa biyar in ya kai 40 a minti, ciwon huhu ne har sai an tabbatar ba shi ba. Za ta ɗaura abin awo a dantsensa, in ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ta san tamowa ta yi tsanani. In gudawa ce, za ta haɗa ruwan gishiri da sukari na leda, ta ba da ƙwayar maganin zinc na kwana 10 zuwa 14. Mafi girma, ta san yaron da ya fi ƙarfinta, ta ce a tafi asibiti yanzu. Amma don Allah a daina kiran ta 'yar sa-kai ana sallamar ta da hijabi mai tambari. Ita ma sai ta ci abinci, tana da 'ya'ya. Kuma jakar da ba magani a ciki, sau biyu za ta shiga gida da ita a daina yi mata shimfiɗa.

Kuɗin fa? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don lafiya matakin farko, kuma manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu asibiti ɗaya mai aiki. Kwamitin ci gaban mazaɓa yana da ta cewa kan yadda ake kashe abin da ya iso. Masu unguwanni, wasunku suna cikin kwamitin nan. Ku je ku tambayi shugaban asibitin nawa ya shigo, me aka saya, firijin allurar rigakafi yana aiki ko ya zama kabad, wa ke kwana da dare.

Magidanta kuma, naku ba ya cin ko sisi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka bar gari, ka ce wa iyalinka a gaban mahaifiyarka: in yaro ya yi zafi, ko ya ƙi nono, ko numfashinsa ya canza, ta kai shi, ba sai ta neme ka a waya ba. Malamai, Allah gafarta muku, in kun sa wannan a huɗubar Juma'a ya fi laccata goma.

Na ga hajiya can ta ɗaga hannu tun ɗazu. A miƙa mata lasifika.