Kogin Kaduna Ya Ɗauki Kayan Da Zai Iya

Assalamu alaikum. Iyayena, malamai, ɗalibai, na gode da kuka zo duk da wannan rana.

Ƙarar janaretan da kuke ji a bayan zauren nan ni ma ina jin ta, kuma na san wahalar rashin wuta kamar yadda kowa ya sani. Saboda haka kada wani ya fita ya ce malam ba ya son lantarki. Ina so. Abin da na zo roƙo shi ne ragowar kogin nan da rassansa da ba a datse ba, a bar su su gudana.

Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya yi tafiyar kilomita wajen 550 kafin ya faɗa Neja a ƙasar Nupe. A 1990 aka buɗe madatsar Shiroro a kansa, megawat 600. Ga ta Zungeru a ƙasanta, megawat 700. Manyan madatsu biyu a kogi ɗaya. Duk da haka, a watan Oktoban 2024 da aka lalata layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Mando, Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu. Ruwa yana nan a madatsa, injuna suna nan, hanyar kai wutar ce ta yanke. Ƙasar nan tana da tashoshin da za su iya ba da fiye da megawat 12,000, amma abin da ke isa ga jama'a bai kai rabin haka ba. To idan tulu a fashe yake, ƙarin rijiya me zai yi?

Bari in gaya muku abin da na gani da idona. Ina yaro, kakana masunci ne. Idan ruwa ya fara janyewa bayan damina, sai ya riƙe hannuna mu gangara fadama. Ya kan tsuguna ya ɗebi baƙar lakar da kogi ya bari, ya murza a tafin hannu, ya ce, "Ɗan nan, ga taki kyauta." A kududdufan da malalar ta bari ƙananan tarwaɗa da karfasa suke girma, mu yara muna kama su da hannu. Ciyawar da ta tsiro nan kuma ita shanun Fulani ke ci har rani ya yi nisa. Manomi da masunci da makiyayi duk malala ɗaya suke jira, kuma kowa ya san lokacinta.

Madatsa tana tare laka a bayanta. Tana tare kifin da ke hawa sama ya yi ƙwai. Ruwan kuma sai lokacin da injin yake buƙata ake sakinsa, ko kuma idan tafki ya cika maƙil a buɗe ƙofofi gaba ɗaya, mutanen ƙasa su wayi gari shinkafarsu ta nutse. Wannan asarar ba ta shiga lissafin kuɗin kwangila, domin masu yin ta ba su da ofis a Abuja.

Ba sabon abu ba ne. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, tsohuwar Bussa ta nutse, aka tashi dubban mutane. A madatsar Bakolori, 1980, manoman da ke neman diyyar gonakinsu aka buɗe wa wuta, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu. Ku je Hadejia da Nguru ku tambaya abin da ya biyo bayan madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, za a nuna muku kacalla ta toshe hanyoyin ruwa inda a da ake noman shinkafa. Shi ya sa mutanen Yobe suka daɗe suna jayayya da shirin madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are.

Wani zai ce kogi ba ya tsira daga gwamnati. Amma a Albaniya, 2023, an ayyana kogin Vjosa a matsayin gandun ƙasa bayan shekaru ana fafutukar hana madatsu a kansa. Mu ma muna da abin riƙewa. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta a yi bincike kafin a gina babbar madatsa, a baje rahoton jama'a su duba su yi ƙorafi. Matsalar ita ce da Turanci yake zuwa, kauri kamar bulo, sarkin ruwa bai ma ji labarinsa ba.

A nan nake neman ku, ɗalibai. Duk ranar da kuka ji an baje irin wannan rahoto, ku karɓo, ku karanta, ku kai wa masunta da masu noman rani da ardo da Hausa, ku rubuta abin da suka ce, ku mayar kafin wa'adi ya cika. Ni zan zauna da duk wanda ya kawo mini shi.

Na ga baba a can baya ya ɗaga hannu tun ɗazu. Bismillah, baba, a miƙa masa makirfo.