Saƙon da ya zo da sunan oga, kada ka yi saurin cewa "to"

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga Manchester nake magana, kuma yau batun imel ɗin 'yan damfara a wurin aiki zan taɓa, musamman saboda 'yan'uwanmu da suka shigo Ingila kwanan nan, masu aikin kula da tsofaffi, da na asibiti, da masu zaman ofis irina.

A gida mun saba da namu salon: a turo maka saƙo wai an toshe BVN ɗinka, maza ka aiko da lambar katinka. Wannan yanzu ko yaro ya gane shi. Na nan ya fi wayo. Turancinsa tsaf, tambarin kamfani ras, kuma da sunan oganka zai zo.

Ka samu aiki, murna ta sa ka sanar a LinkedIn, shafin ma'aikata da masu neman aiki, to 'yan damfarar ma sun gani. Sai saƙo ya faɗo wai daga manaja: yana cikin taro ba zai iya ɗaga waya ba, ka taimaka ka sayo katin kyauta na Amazon ko Apple, ka turo masa lambobin, yau za a mayar maka da kuɗinka. Kuma kada ka gaya wa kowa, bazata zai yi wa ma'aikata. Gaggawa, sirri, kuɗi. Duk inda ukun nan suka haɗu, dakata.

Abin da ya sa na ɗauki kyamara kan wannan shi ne, mu ta wajen tarbiyya ake kama mu. An raine mu a kan idan babba ya aike ka, ba ka tambayar dalili. Ga shi kuma bizar da yawa daga cikinmu tana rataye ne a wuyan kamfanin da ya ɗauki nauyinmu, kowa na tsoron ɓata wa oga rai. Malam, a nan tambaya ba rashin kunya ba ce. Tashi ka je ofishinsa ka ce, "Kai ka turo wannan?" Idan ba ya nan, kira lambarsa da ka riga ka sani, ba wadda ke cikin saƙon ba. Kada ka amsa imel ɗin kana tambaya, don ɓarawon ne zai ce maka eh, ni ne.

A waya suna kawai ake nuna maka. Taɓa sunan, adireshin zai fito. Wani lokaci Gmail ne zalla, wani lokaci an sauya harafi, an jera r da n su yi kama da m. A kwamfuta kuwa ɗora linzami a kan mahaɗin ba tare da dannawa ba, za ka ga inda zai kai ka. Shafin da ya yi kama da na Microsoft yana neman kalmar sirrinka daga cikin imel, rufe shi. Haka idan wayarka ta dame ka da neman amincewar shiga alhali ba kai ke shiga ba, kada ka amince don ka huta; ta wannan hanyar aka shiga Uber a 2022.

Masu aiki a sashen kuɗi, naku ya fi nauyi: saƙon da ke cewa mai kawo mana kaya ya canza asusun banki, ko ma'aikaci na so a tura albashinsa wani sabon asusu. Tsakanin 2013 da 2015, wani mutumin Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya yi wa kamfaninsa rajista da sunan Quanta Computer na Taiwan, kamfanin da ke sayar wa Google da Facebook kaya, ya dinga aika takardun neman biya na bogi, ya karɓe fiye da dala miliyan 100 daga Google da Facebook. A 2019 kotu a New York ta ɗaure shi shekara 5. Ku lura ba ɗan Najeriya ba ne, ga masu jifanmu da 419 duk inda muka shiga.

Idan kuma ka riga ka danna, wallahi ɓoyewa ta fi dannawar muni. Sanar da sashen kwamfuta nan take, su canza kalmar sirri kafin a yi amfani da akwatinka a damfari abokan aikinka. Manhajar imel ta Outlook na da maɓallin kai rahoto. Wasu saƙonnin ma kamfanin ne da kansa ke turowa don gwada ma'aikata, ka kai rahotonsu kawai. Wanda ya zo imel ɗinka na kanka, tura shi zuwa report@phishing.gov.uk, adireshin da hukumar tsaron intanet ta Birtaniya, NCSC, ta buɗe a 2020. Na tes kuwa a tura wa 7726, kyauta ne.

Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, a gaida mutanen gida.