Xabi Alonso: ɗan tsakiyan da ya koma koci, ya cire wa Leverkusen takaicin shekaru

Assalamu alaikum, masoya ƙwallon ƙafa. Yau mu fara daga birnin Istanbul, daren 25 ga Mayun 2005, wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai. An tafi hutun rabin lokaci AC Milan na da ci 3, Liverpool ba ta da ko ɗaya. A gidajen kallo da yawa wasu har sun ɗauki takalmansu sun kama hanyar gida. Ana dawowa Gerrard ya farke ɗaya da ka, Smicer ya ƙara, sai alƙalin wasa ya hura fenareti. Wanda ya ɗauki ƙwallon wani matashi ne mai shekara 23, a kakarsa ta farko a Ingila. Ya buga, gola Dida ya tare, ƙwallon ta dawo, ya bi ta ya narka ta a raga da ƙafar hagu. Ci uku cikin minti shida. Liverpool ta ɗauki kofin a bugun fenareti. Wannan matashin shi ne Xabi Alonso.

Na fara da wannan daren ne don ya nuna halin mutumin. An tare masa bugu a gaban duniya, bai tsaya riƙe kai ba, idonsa na kan inda ƙwallon za ta faɗo. Ku riƙe wannan, za mu sake cin karo da shi bayan shekara 19.

An haife shi ranar 25 ga Nuwamban 1981 a garin Tolosa, yankin Basque da ke arewacin Sifaniya. Ƙwallo a gidansu gado ce. Mahaifinsa, Periko Alonso, ya ci La Liga sau biyu da Real Sociedad, a 1981 da 1982, ya ƙara na uku da Barcelona a 1985. A birnin San Sebastian Xabi ya tashi, yana buga ƙwallo a rairayin bakin teku, kuma a wata ƙaramar ƙungiyar yara mai suna Antiguoko yana da aboki, shi ma ɗan tsakiya. Magoya bayan Arsenal kun san shi: Mikel Arteta.

Ya fara buga wa babbar ƙungiyar Real Sociedad a ƙarshen 1999, aka ba da shi aro ga Eibar don ya goge. Da ƙungiyar ta shiga halin faɗuwa daga gasa, koci John Toshack ya dawo da shi a farkon 2001, ya ɗora masa kyaftin tun yana yaro ɗanye. Suka tsira. A kakar 2002 zuwa 2003 Sociedad ta yi kankankan da Real Madrid har ranar ƙarshe, ta ƙare ta biyu da tazarar maki biyu kacal. Daga nan Rafael Benitez ya kai shi Liverpool a 2004.

To wane irin ɗan wasa ne? Ba shi da gudu, kuma ba mai yanke mutane ba ne. Aikinsa ya tsaya a gaban 'yan baya, ya karɓi ƙwallo, ya raba ta. Amma kafin ƙwallon ta iso ƙafarsa ya riga ya waiga ya ga inda kowa yake, ya san inda za ta tafi. Doguwar ƙwallonsa kan tsallake rabin fili ta sauka a ƙafar ɗan gefe kamar da hannu aka ajiye ta. Sau biyu a 2006 ya ci daga cikin rabin filinsu, ɗaya a ragar Luton, ɗaya a ragar Newcastle. Mai kallon da ke bin ƙwallo kaɗai da ido zai iya gama wasa bai lura da shi ba. Ranar da babu shi ake gane abin da yake yi. Liverpool ta ɗanɗana haka: a 2008 Benitez ya so ya sayar da shi don ya sayo Gareth Barry, cinikin bai yiwu ba, Alonso ya zauna ya yi kakarsa mafi kyau, ƙungiyar ta zo ta biyu a Firimiya. Ya tafi Real Madrid a 2009, kakar da ta biyo baya Liverpool ta faɗo ta bakwai.

A Madrid ya ci La Liga ta 2012 da maki 100 a ƙarƙashin Jose Mourinho, ya ci gasar Zakarun Turai ta 2014 a ƙarƙashin Carlo Ancelotti, duk da katin gargaɗin da ya samu a Munich ya hana shi buga wasan ƙarshe. Sai Bayern Munich, shekara uku, Bundesliga uku, biyu da Pep Guardiola, ɗaya da Ancelotti. Ya yi ritaya a 2017. Sifaniya kuwa ya buga mata wasa 114, yana cikin tawagar da ta ci kofin Turai na 2008, kofin duniya na 2010 da kofin Turai na 2012. Wa zai manta da ƙafar da Nigel de Jong na Holland ya ɗora masa a ƙirji a wasan ƙarshe na kofin duniya a Johannesburg? Katin gargaɗi kawai aka ba de Jong, Alonso ya tashi ya ci gaba da wasa.

Ku duba malaman da ya zauna a gabansu: Benitez mai tsari, Mourinho mai iya kai harin ramuwa cikin ƙiftawar ido, Ancelotti mai iya zama da manyan 'yan wasa, Guardiola mai riƙe ƙwallo, ga Aragones da Del Bosque a ƙungiyar ƙasa. Da wuya a sami ɗan wasan da ya yi karatu a irin wannan tsangaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya yi bayan ritaya. Mutum mai irin sunansa, da ya nemi babbar kujera da ya samu. Sai ya je ya karɓi 'yan ƙasa da shekara 14 na Real Madrid a 2018. A 2019 ya koma gida ya karɓi ƙungiyar Real Sociedad ta biyu, inda babu kyamara, babu hayaniya. Shekara uku ya yi a can. A 2021 ya haura da su rukuni na biyu na Sifaniya, matakin da rabonsu da shi tun farkon shekarun 1960. Kakar da ta biyo baya suka faɗo. Ya ɗanɗana daɗi, ya ɗanɗana ɗaci, duk a inda kuskure ba ya kashe koci. Sannu ba ta hana zuwa.

Ranar 5 ga Oktoban 2022 Bayer Leverkusen ta ɗauke shi, tana ta 17 cikin ƙungiyoyi 18. Sai an san tarihin wannan ƙungiya kafin a gane nauyin aikin. Ba ta taɓa cin Bundesliga ba. A shekarar 2000 canjaras kawai take nema ranar ƙarshe, Michael Ballack ya ci gida, kofi ya suɓuce. A 2002 cikin 'yan makonni ta rasa Bundesliga, ta rasa kofin Jamus, ta rasa wasan ƙarshe na Zakarun Turai a hannun Real Madrid da ƙwallon nan ta Zidane. Har laƙabin zolaya aka yi mata, Neverkusen, wato wadda ba za ta taɓa ci ba.

Kakarsa ta farko ya ɗago su zuwa na shida. A bazarar 2023 aka yi cefane mai hankali: Granit Xhaka daga Arsenal, Alejandro Grimaldo kyauta daga Benfica, da 'yan Najeriya biyu, Victor Boniface da Nathan Tella. Tsarinsa 'yan baya uku, sai Grimaldo a hagu da Jeremie Frimpong a dama suna hawa kamar 'yan gaba, Florian Wirtz yana yawo a ratar da ke tsakanin 'yan tsakiyan abokan hamayya da 'yan bayansu. A tsakiya kuma Xhaka, yana yin ainihin aikin da Alonso ya yi shekara da shekaru: karɓa, waiga, raba. Gajerun fasin har abokin hamayya ya gaji ya buɗe ƙofa, sannan a soke shi.

A Fabrairun 2024 suka lallasa Bayern 3 da nema. Sai kuma ƙwallayen ƙarshen lokaci, waɗanda suka zama tambarinsu. Qarabag ta jagorance su 2 da nema a gasar Europa, Patrik Schick ya ci biyu a mintunan da alƙali ya ƙara, suka tashi 3 da 2. A Dortmund an kusa hura tashi Stanisic ya farke. Da Roma ma haka, a minti na 97. Wasu sun ce sa'a ce. Ni dai sa'ar da ke maimaita kanta haka ban yarda sa'a ce kaɗai ba. Ƙungiya ce da ko ana minti na 95 ba ta fara dukan ƙwallo sama barkatai, tana ci gaba da wasanta, kamar kocinta da Dida ya tare masa fenareti ya bi ƙwallon.

Ranar 14 ga Afrilun 2024 suka ci Werder Bremen 5 da nema. Boniface, wanda rauni ya hana shi zuwa gasar cin kofin Afirka a farkon shekarar, shi ya buɗe da fenareti, Xhaka ya ƙara, Wirtz ya ci uku. Magoya baya suka cika fili kafin a tashi. Bayern da ta ci kofin sau 11 a jere ta sauka. Leverkusen ta gama kakar da nasara 28, canjaras 6, maki 90, ba a doke ta ko sau ɗaya ba, abin da ba a taɓa yi ba a Bundesliga.

Wasa 51 a jere ba a ci su ba, a duk gasa. Wanda ya tsinke igiyar kuma namu ne. A wasan ƙarshe na Europa a Dublin, 22 ga Mayu, Ademola Lookman na Atalanta ya zura musu uku shi kaɗai. Kwana uku bayan haka Alonso ya tattara yaransa suka je Berlin, suka ci Kaiserslautern 1 da nema da ƙwallon Xhaka, suka ɗauki kofin Jamus, duk da sun buga fiye da rabin wasan da mutum goma.

A lokacin Liverpool da Bayern duk suna neman koci, sunansa na kan gaba, ya ce zai zauna a Leverkusen. Ya ƙara kaka ɗaya, suka zo na biyu. A Mayun 2025 Real Madrid ta kira shi ya gaji Ancelotti. A can lissafin daban ne. Tsarinsa yana son kowa ya yi gudu, kowa ya matsa, kowa ya tsaya inda aka ce, a ɗakin da ke cike da taurarin da suka saba da sakin mara. Ya ci Barcelona 2 da 1 a watan Oktoba, amma abin da aka fi tattaunawa shi ne fushin Vinicius da aka canza shi. A Janairun 2026, bayan Barcelona ta doke su 3 da 2 a wasan ƙarshe na Super Cup a Jidda, suka raba gari, Alvaro Arbeloa ya karɓi ƙungiyar. A Sociedad ta biyu ya samu shekara uku, a Leverkusen kusan uku, a Madrid ko wata takwas bai cika ba.