Hazon safe da hazon rana a tsaunin Mambila

Tun da hotunan tsaunin Mambila suka fara yawo a wayoyin jama'a, ƙorafi ɗaya muke ta ji. Mutum ya sha doguwar hanya daga Jalingo, ya bi ta Bali da Serti, mota ta haura da shi ta Mayo Selbe, ya kuma taka da ƙafa har ƙololuwar tudu, amma bai ga komai ba sai fari fat. Wasu har cewa suke yi hotunan haɗi ne. Hotunan na gaske ne, kuskuren yana wajen lokacin fita.

Shirin tafiyar ba shi da wuya, ga shi nan: takalmi mai kama ƙasa, rigar sanyi, rigar ruwa, gorar ruwa, ɗan guzuri, da ɗan gari wanda zai yi jagora. Tudun da ke kewaye da Nguroje ko Gembu ya isa yawon yini ɗaya. Chappal Waddi kuwa, mai tsayin mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, tafiyar kwanaki ce, a ajiye maganarsa gefe.

To, ga inda ake yin kuskuren. Baƙo yakan tashi da asuba ya tarar hazo ya rufe gari, sai ya koma cikin bargo ya ce bari gari ya washe. Wannan hazon na safe a ƙasa yake kwance. Da dare iska takan yi sanyi ta yi nauyi, ta gangara ta taru a cikin kwari, shi ya sa wanda ya daure ya fara hawa da ƙarfe shida yakan ratsa shi ya fito ta samansa. Ga abin da ake gani daga can sama. Kawunan tuddai sun leƙo daga cikin farin hazo, raɓa tana ɗiga daga ciyawa tana jiƙa ƙafar wando, shanu kuma suna kiwo a gangare. A ganina, wannan sa'a ɗaya ta biya duk wahalar hanya.

Hazon rana daban yake. Idan rana ta ɗumama gangaren dutse, iska mai laima takan tashi ta bi shi zuwa sama, kuma a duk mita 1,000 da aka hau zafi yakan ragu da kusan digiri 6. Mambila tana kan tsayin kusan mita 1,600 tun kafin ka ɗaga ƙafa, saboda haka laimar ba ta daɗewa take zama gajimare, ta sauka a kan ƙololuwar da kake nufa. Wanda ya jira har ƙarfe goma yakan isa sama tare da gajimaren, kuma da damina hadari yana biye. A kan tudun da babu komai sai ciyawa, kai ne abu mafi tsawo idan tsawa ta faɗo, don haka da zarar an ji rugugi sai a juya, ko da saura taku kaɗan.

Watan ma yana da nasa tasirin. Ƙurar hunturu takan dushe nesa daga Disamba zuwa Fabrairu, ni kuwa na fi son ƙarshen damina, wajen Nuwamba, lokacin da ciyawa take da sauran kore, sama kuma ta wanku.

Wurin da kuke takawa makiyaya ce ta mutane. A yi wa makiyayi sallama, a nemi izini kafin a ɗauke shi hoto, kada a tsallaka shingen waya, kada kuma a ratsa tsakanin saniya da maraƙinta. Idan jagora ya ce a sauka, a sauka, a yi azahar a cikin gari.