Safa da Nunin Yatsa: Abin da Manyan Masu Horar da Ƙwallon Kwando Suka Fara Koyarwa

Masu kallo, wannan ɗakin sauya kaya ne a jami'ar UCLA da ke Amurka, a ranar farko ta atisaye. Samari zaratan da suka yi fice a makarantunsu suna zaune a kan benci, kowa ya ƙosa a fita fili, sai kocinsu John Wooden ya ce su cire takalma. Darasin farko shi ne sanya safa: a ja ta sosai, a bi ta da hannu daga dunduniya har zuwa ƙaramin yatsa domin a tabbatar babu inda ta tattare, sannan a ɗaure igiyar takalmi ɗauri biyu.

Dalilinsa a fili yake. Safar da ta tattare tana gugar fata har ta tayar da bororo, kuma ɗan wasan da ƙafarsa ke masa raɗaɗi ba zai iya tsare abokin karawarsa a mintunan ƙarshe ba, komai gwanintarsa. Mutumin da ya tsaya kan wannan ɗan ƙaramin abu shi ne ya lashe kofin jami'o'in Amurka sau 10 tsakanin 1964 da 1975, har ƙungiyarsa ta ci wasa 88 a jere.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne shaidar da tsofaffin 'yan wasansa suka bayar, cewa da wuya a ji shi yana maganar cin wasa. Sakamako ba ya hannun koci shi kaɗai, domin alkalin wasa yana iya kuskure, gwani yana iya jin rauni, ƙwallo kuma tana iya zagaya bakin kwando ta faɗo waje. Abin da ke hannunsa shi ne shiri, kuma a kansa yake auna yaransa. Ɗalibi da ma'aikaci da mai renon 'ya'ya duk suna samun natsuwa idan suka ɗauki wannan ma'auni, tun da sun daina azabtar da kansu kan abin da ba su da iko a kai.

Sai mu leƙa jami'ar North Carolina, inda Dean Smith ya horar daga 1961 zuwa 1997. A wurinsa, duk wanda ya zura ƙwallo a kwando sai ya nuna wanda ya miƙo masa ita da yatsa, a gaban dubban 'yan kallo, domin yabo ya isa ga wanda ya share hanya. Shahararren ɗan wasan ƙwallon kwando Michael Jordan ma a ƙarƙashin wannan doka ya yi wasa. Haka kuma idan aka sauya ɗan wasa ya nufo benci yana haki, gumi na zuba, abokansa da ke zaune sukan miƙe tsaye su tarbe shi da tafi, ko da bai ci maki ko ɗaya ba.